Zan iya ɗaura faifan birki a kan tsohon hob ɗin babur ɗina?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da tsohon Honda CG125 da na gada wurin mahaifina, da shi nake zuwa koyarwa kullum daga Sakkwato zuwa Kware. Birkin gaba na diram ne kuma ya daina kamawa sosai. Na sayi faifan birki da kalifa na wani sabon mashin a gwanjo. Wani mai walda ya ce zai huda mini hob ɗin ya ɗaura faifan da noti huɗu, sannan ya liƙa wa shoka kunnen da kalifa za ta zauna. Wannan aikin zai yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa albarka a abin da ya bari.

Kada ka bari a huda hob ɗin nan, wato cibiyar tayar. Na fara da wannan ne don ko ka gaji da karatu ka tsaya a nan, ka riga ka ɗauki abin da ya fi komai. Birkin faifai yana hawa CG125, na ɗaura shi da hannuna ba sau ɗaya ba, kuma kamfanin Honda da kansa ya fitar da CG125 mai faifai a gaba a 2004 don kasuwar Turai. Sai dai hanyar da mai waldarka ya faɗa maka, ita ce ba ta ɓullewa.

Ka kwance tayar gaba, ka kifa ta a ƙasa, ka duba hob ɗin da kyau. Kwano ne na alminiyam da aka zuba, aka dasa masa zoben ƙarfe a ciki inda birki shu, wato takalman birki, ke gogawa. Gefe guda a buɗe yake, nan farantin birki ke rufewa. Ɗaya gefen bango ne siriri mai 'yan jijiyoyi daga ciki, aikinsa kawai ya haɗa gidan boris da bakin da sifok ke kamawa, wato wayoyin nan da suka riƙe rim. Wanda ya zana hob ɗin ya san ƙarfin birki daga zoben ƙarfen zai fita, ya faɗa kan sifok kai tsaye, tsakaninsu bai wuce faɗin yatsa ba, saboda haka bai ga dalilin zuba nama a bangon ba. Na sha aunawa a kan hob ɗin da suka mutu, wani wurin kaurin bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. To, wannan bangon ne mai walda yake son hudawa.

Hob ɗin da aka ƙera don faifai kuwa daban yake tun daga zubi. Yana da ƙulli-ƙulli masu kauri, huɗu ko biyar ko shida, an yi musu zare mai zurfi, an goge fuskarsu a inji har ta miƙe daidai da shaf, wato sandar da taya ke juyawa a kai, sannan ga ɗan tudu zagayayye a tsakiya inda ramin faifai ke zama caras. Ka riƙe maganar tudun nan, za mu dawo kanta.

Tunda kai malamin makaranta ne, bari mu ɗan yi lissafi. Mu ɗauka kai da mashin da 'yan kayan da ka ɗaure a baya kun kai kilo 200. Ka damƙe birki da ƙarfi, nauyi ya tattaru a gaba, tayar gaba tana turjiya da kwalta da ƙarfin da ya kai, a ce, kilo 120. Daga tsakiyar shaf zuwa ƙasa, a taya mai rim inci 18, kusan milimita 300 ne. Notocin faifai kuwa kusa da tsakiya suke, a ce milimita 50 daga shaf. Ka raba 300 da 50, shida ke nan. Ma'ana abin da ke jan da'irar notocin nan ya ninka na taya sau shida, kilo 720. In huɗu ne, kowane kilo 180, in har sun raba kayan daidai. Ramin da aka huda da dirilar hannu, ana kallo da ido, ba ya raba kaya daidai: ɗaya ko biyu ne za su ɗauka, sauran 'yan rakiya ne. A hob na gaskiya ma, yawancin wannan ƙarfin matsewa ce ke riƙe shi, faifai ya manne da fuska mai laushi babu rata. Bangon diram ba a goge shi ba, yana da tudu da kwari, don haka za a cusa washa a cike gurbi, faifai ya zauna a kan tarin washa yana lilo.

Kuma wannan jan yana maimaituwa duk lokacin da ka taɓa birki, daga Gidan Man Ada har Kware, safe da yamma. Ƙarfe in kaya ya yi masa yawa yakan lanƙwashe ya ba ka sanarwa. Alminiyam na zubi ba ya haka, tsagewa yake farawa daga bakin rami, siririya kamar gashi, tana tafiya daga wannan rami zuwa wancan a ƙarƙashin faifan inda ido ba ya gani, har ranar da da'irar za ta fita gaba ɗaya.

Na ga irinta. Wani yaro ɗan kabu-kabu ya taɓa kawo mini mashin an yi masa wannan aikin, abin da ya kawo shi ma gyaran kacar baya ne. Na ga faifan na ce masa a cire. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wanga aiki ai ya yi, mi ar rage?" Bayan kamar wata biyu sai ga shi an turo mashin ɗin a cikin amalanke, shi kuma hannu a ɗaure. Jaki ne ya gitta masa, ya damƙe birki, faifan ya tsaya tare da guntun bangon da aka ɗaure shi a kai, tayar ta ci gaba da juyawa, guntun ya shiga cikin sifok. Allah ya tsare, tsagewar ƙashi ce kawai, kuma ba ya ɗauke da fasinja.

Maganar a yi wa hob ɗin walda a ƙara masa nama ma ka bar ta. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke balle mai walda ya san ya kusa. Waldar ƙofa da taga da muka saba ba ta yin sa, sai mai amfani da iskar agon. Ko an samu gwanin, zafin yana murɗe gidan boris, boris ya daina zama daram, kuma wurin da aka ƙona ya fi ko'ina rauni. Garin neman gira a rasa ido.

Yanzu rabin da mutane ke mantawa. Faifai yana jan hob, amma kalifa, muƙamuƙin da ke cizon faifan, ita kuma shoka take ja. Mu koma lissafinmu: a faifai mai faɗin milimita 240, wurin da fad, wato takalman da ke cikin kalifa, ke cizo yana kusan milimita 105 daga tsakiya, don haka kalifa tana fizgar ƙafar shoka da abin da ya haura kilo 340. Tsohuwar shokarka ɗan tudu guda gare ta wanda ke hana farantin birki juyawa, shi ke nan. Ƙafar shokar faifai tana zuwa da kunnuwa biyu da aka zuba tare da jikinta. In ƙafarka ta alminiyam ce, abin da na faɗa kan hob ya hau kanta. In ta ƙarfe ce, walda za ta kama, amma bututu ne da wani bututun ke kai da komo a cikinsa cikin mai, zafi ya ɗan murɗe shi shoka ta fara cijewa a hanya. Ni ba na liƙa wa shoka kunne, ko nawa za a biya.

Kafin mu shiga yadda ake yi, ina da tambaya gare ka: yaushe rabon da a buɗe birkin nan? Domin a cikin mashin goma da ake kawo mini da kukan birkin diram ya mutu, mafi yawansu birkin bai mutu ba, an yi watsi da shi ne. Kebur ya miƙe ko ya yi tsatsa a cikin rigarsa. Birki shu na jabu ne, ko ya yi ƙyalli kamar tangaran, ko giris ɗin boris ya tsiyaye a kansa. Ɗan ƙarfen da ke buɗa shu ɗin ya bushe da ƙurar hunturu yana juyawa da ƙyar. Ko kuma hannun da kebur ke ja ya wuce kusurwar da yake da ƙarfi: in an matse birki, tsakanin hannun da kebur bai kamata ya wuce kusurwar kwana ta gini ba, digiri 90. Akwai kuma wata 'yar dabara da yara da yawa ba su sani ba, a riƙe birki a matse lokacin da ake ɗaure notin shaf, don shu biyun su zauna a tsakiya su kama tare. Abin da ba ya gyaruwa shi ne diram ɗin da ya cinye ko ya zama kamar ƙwai. Yawanci kusan milimita ɗaya kawai kamfani ya yarda ya ƙaru a kan faɗinsa na asali, kuma sau da yawa an rubuta iyakar a cikin kwanon. In za ku buɗe, kada yaro ya hura ƙurar da baki, tsofaffin shu wasu da asbestos aka yi su, yana lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan gyaran na yini guda ne, kuɗinsa bai kai na faifan da ka saya ba. Ka fara da shi.

In an yi duk wannan har yanzu ranka na kan faifai, ban ga laifinka ba. Faifai ya fi diram jure zafi saboda a fili yake iska na dukansa, yana share ruwa da wuri in an ratsa kududdufi, kuma yana gyara kansa yayin da fad ke cinyewa, babu zancen ɗaure kebur kowane mako. Tun da Honda CB750 ya fito da shi a 1969 manyan babura suka bi sahu.

Hanyar da na fi so, kuma wadda nake ba duk wanda ya zo gareji shawara, ita ce a ɗauko gaban wani mashin gaba ɗaya: shoka biyu, taya da hob ɗinta, shaf, faifai, kalifa, tiyo da masta, wato famfon birki da ke hannu, duk na jiki ɗaya. Sa'arka ita ce kamfanonin China sun kwaikwayi CG125 ba adadi, kuma wasu daga cikin kwafin suna zuwa da faifai a gaba, saboda haka ana samun gaban da zai shiga wuyan naka da ɗan gyara kaɗan. In ba a samu wurin masu kayan mashin a nan gari ba, ana aikawa Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da za ka auna shi ne kaurin bututun shoka, wanda a tsohon CG milimita 27 ne, da tsawon shokar, da tsawon sandar wuya in har da ita za a canja. Tsawon nan kada ka raina shi. Shoka ta fi ta asali tsawo, mashin ya ɗaga kai ya yi nauyin juyawa. Ta fi gajarta, kan ya yi rawa in ana gudu. Kuma gaban da aka ciro daga mashin ɗin da ya yi haɗari, a mirgina bututun a kan gilashi a ga ko ya lanƙwashe.

In kana son rim ɗinka na asali ya zauna don mashin ɗin mahaifi ya riƙe kamanninsa, sai a sayi hob na faifai a saƙa shi a cikin rim ɗin. Wannan aiki ne mai kyau amma yana da ƙananan tarkuna. A ƙirga ramuka tukuna, yawancin ƙananan baburanmu 36 ne, amma a ƙirga ɗin. Sifok ɗinka na da ba za su yi ba, domin hob na diram babba ne sifok ɗinsa gajeru, na faifai ƙarami ne yana son dogaye. Ramukan rim ma an huda su ne a karkace suna kallon bakin babban hob, in bambancin ya yi yawa za ka ga sifok na lanƙwashewa daidai bakin notinsa, kuma nan yake karyewa. Saƙar dole ta zama mai gicciye kamar yadda kamfani ke yi, ita ce ke ɗaukar murɗawar birki. Sannan rim ya zauna a tsakiyar shoka biyu, wanda ba lallai ya zama tsakiyar hob ba tunda faifai ya cinye wuri a gefe guda. Ka nemi tsohon mai saƙa taya, irin waɗanda suka fara da keke, sun fi yaran yanzu haƙuri.

Shaf kuma fa? In na hob ɗin bai zo ɗaya da na shoka ba, sau da yawa boris ke raba gardama. Lambar da ke jikinsa awo ce: 6300 yana da rami milimita 10, faɗi 35, kauri 11, shi kuma 6202 rami 15, faɗi 35, kauri 11. Ka ga gida ɗaya suke shiga, shaf daban. 6201 rami 12 ne faɗi 32, 6301 rami 12 faɗi 37. Amma in an canja boris a canja bututun da ke tsakaninsu a cikin hob, a yanke shi daidai tsawon na asali. Na sha buɗe taya in tarar an jefar da bututun nan wai ba shi da aiki. Shi ke hana notin shaf matse boris biyun ta gefe, in babu shi mako biyu sun fara kuka. Mitar gudu ma ka tuna da ita, a tsohon gaba giyarta a cikin farantin birki take, a na faifai 'yar gwangwani ce daban a gefen hob. Kuma ko a wannan hanyar, ƙafar shoka mai kunnuwa sai an nemo ta.

Saura hanya ta uku, wadda ita ce ainihin gyaran hob, kuma ita ce ake yi in hob ɗin na faifai ne amma sabon faifan ramukansa ba su hau ba, ko kuma in an samu tsohon hob mai nama sosai a kewayen gidan boris. Ana sassaƙa zobe na tsakani: ramuka na ciki su kama hob, na waje su kama faifai. A nan ne zan dawo kan tudun da na ce ka riƙe. Noti ba ya saita faifai a tsakiya, matsewa kawai aikinsa. Abin da ke saitawa shi ne tudun. Ni kaina na koyi wannan da asara: zoben farko da na yi, shekaru da yawa da suka wuce, na dogara da notoci su saita shi, na ɗaura, na fita gwaji, hannun birki yana bugun yatsuna kamar zuciya. Na sake aikin daga farko da kuɗina. Don haka zoben sai an yi masa kwari a baya wanda zai hau tudun hob, da tudu a gaba wanda faifai zai hau, kuma a sassaƙa fuskokin a injin sassaƙar ƙarfe, in son samu ne a ɗauri guda ba a kwance ba. In za a goge fuskar hob, a ɗora shi a kan sandar da ta ratsa gidajen boris ɗinsa, don abin da taya ke juyawa a kai shi za a bi. Ramuka kuma a raba su da inji, ba da alli da zare ba.

Da me za a yi zoben? A waje suna amfani da alminiyam mai lamba 6061 ko 7075. A nan in ba ka da tabbacin abin da aka ba ka, farantin ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10 ya fi kwanciyar rai, nauyin da zai ƙara ba wani abu ba ne. Abin da ba a yi shi ne a kai wa masu zuba tukwane su narka gwangwani su zuba maka. Tukunyarsu tana dafa tuwon biki lafiya lau, amma cikin zubin akwai ƙananan kumfa da ba ka gani.

Notoci kuma a duba kansu, akwai lamba: 8.8, 10.9 ko 12.9. Wanda babu lamba na ɗaure gado ne. Mafi kyau shi ne ainihin notin faifai mai 'yar kafaɗa da ke cika ramin. In zaren cikin alminiyam zai shiga, zurfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na kaurin notin, wato mai milimita 8 ya shiga aƙalla 12, gara 16. A ɗiga masa gam ɗin zare, shuɗin Loctite, a ɗaure a gicciye, wannan sannan na gabansa, kaɗan-kaɗan, da awon da littafin mashin ɗin da faifan ya fito ya faɗa. In an gama a ɗora agogon awo a gefen faifai a juya taya. Littattafan kamfanoni suna yanke iyakar lilo tsakanin milimita 0.1 da 0.3, ya danganta da mashin. Ni a sabon aiki in ya wuce 0.1 kwancewa nake yi. Ka kuma lura zoben yana turo faifai waje da kaurinsa, don haka kalifa ma sai ta matsa, kuma bayanta kada ya kusanci sifok. Shi ya sa kalifa mai fistin a gefe guda ta fi dacewa da tayar sifok, bayanta siriri ne. Fad kuma ya kwanta a kan hanyar faifan gaba ɗaya, kada rabinsa ya leƙo waje.

Game da kayan da ka riga ka saya. Ka duba jikin faifan, akwai rubutun mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Na ƙananan babura da yawa sabo milimita 4 ne, iyakarsa 3.5, in ya kai nan ka yi asara, kada ka ɗaura. In akwai kibiya, ita ke nuna inda zai juya. In ka ga wani siririn zobe mai tagogi a tsakiyarsa, na na'urar hana taya kullewa ne, irin wadda Indiya ta wajabta wa baburan da suka haura 125cc tun 2019. A mashin ɗinka ba shi da aiki, kuma ba zai hana tayarka kullewa ba. Ban ji ka ambaci masta ba, wato famfon da ke hannu. Kada ka sayi kowane ka haɗa. Fistin ɗinsa yana zuwa milimita 11, 12.7, 14, ga shi nan, kuma an auna shi ne da girman fistin ɗin kalifa. Ya yi girma, hannu ya yi tauri kamar icce birki bai kama ba. Ya yi ƙanƙanta, hannu ya taɓo roba kafin ya gama kamawa. Ka nemi na mashin ɗin da kalifar ta fito. Tiyo ya isa ko an ɗaga gaba shoka ta miƙe, ko an juya kai har ƙarshe dama da hagu, kuma kada ya gogi taya. Washar tagulla da ke bakinsa sabuwa ake sawa, kuma a haɗa makunnin fitilar birki, na baya yana buƙatar sanin ka tsaya.

Man birki kuwa, abin da aka rubuta a murfin masta, DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, DOT 3 kuma 205, amma dukansu suna shan ruwa daga iska, in sun sha sai su faɗo wajen 155 da 140. Mutum ya ce ina birki ina digiri 150? Mashin mai kilo 250 da kaya, yana gudun kilomita 60, tsayawa guda tana iya ƙara wa faifai mai kilo ɗaya kusan digiri 70 in shi kaɗai ya sha zafin, kuma in gudu ya ninka zafin sau huɗu yake ninkawa. Ka ɗora wannan a kan ranar Afrilu ta Sakkwato da ke haura digiri 40 a inuwa. Mai ya tafasa, tururi ya shiga tiyo, ka matsa hannu ka ji wayam. A canja shi duk shekara biyu, daga robar da ba a buɗe ba. Baƙin mai ko man giya kuwa ko ɗigo kada ya shiga, kumbura robobin yake yi, kalifa ta cije ko ta saki.

Birkin baya ka bar shi yadda yake. Diram ɗin baya ko a yanzu yana iya kulle taya, ƙarin ƙarfi a can jan ƙasa kawai zai ƙara maka.

Abu ɗaya da nake gaya wa duk wanda na ɗaura wa faifai: hannunka ya saba da diram, ya saba damƙa da yatsu huɗu da dukan ƙarfi. Faifai ba ya son haka. Tayarka siririya ce, hanyoyinmu kuma ka san su, iska ta kwaso rairayi ta shimfiɗa a gefen kwalta da kan kwana, wajen shataletale ma haka. A kan rairayi iyakar tsayawarka taya ce ke yanke ta, birki mai ƙarfi sai dai ya kai ka iyakar da wuri, gaba ya kulle, mashin ya zame daga ƙarƙashinka kafin ka sauke ƙafa. In tayar gaba ta tsufa ta yi tauri, a canja ta rana ɗaya da birkin.

Ranar da aka gama, kada ka hau hanyar Kware kai tsaye. Ka tura mashin da ƙafa ka matsa birki tukuna. Sannan ka samu fili mai kwalta babu jama'a, ka yi ta tsayawa a hankali daga gudun kilomita 30, da yatsu biyu, sau goma sha biyar ko ashirin, kana barin faifan ya huce tsakani, har fad ya kwanta. Ka ɗiga fenti a kan kowane noti ya haɗa da jikin faifai, in ɗaya ya motsa layin zai rabu ka gani da ido. Bayan mako guda ka koma wurin mai saƙa ya ƙwanƙwasa sifok ya ƙara ɗaure waɗanda suka saki, a duba notin wuya, a shafa yatsa a bakin tiyo a ga ko yana gumi. Tsohuwar tayar da shokarta da farantinta kuma ka shafa musu mai ka zuba a buhu ka ajiye a ɗaki, hob ɗin babu rami ko ɗaya, duk ranar da ka so mayar da mashin ɗin yadda mahaifi ya bar shi aikin awa biyu ne.